Damin Geron Baffa

Bari in fara da kaina, don in ban faɗa ba wani zai faɗa, kuma ba zai raga mini ba. Ni ne wawan da ya sayar da gonar baffansa da dariya. Ko sisi ba a ba ni ba. Da ma an ba ni, da na ce talauci ne ya ja ni. Dariya ce kawai, ta mutanen da suka cika ƙofar gidan mai gari, kuma ba ta kai tsawon shan kofin koko ba. Shekara bakwai ke nan, har yau in na wuce wurin sai in ji kamar ba a gama ta ba.

Ni dillalin awaki ne. Kasuwar Zango ta san muryata tun gemuna yana baƙi. Makarantar allo na gudu ban kai ko'ina ba, boko kuwa ajin yaƙi da jahilci na zauna rani biyu, shi ma don malamin yana raba alli ne ina kai wa matata tana zane a bango. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Ubana ya rasu ina rarrafe, uwata ta yi wani aure can wajen Dutsi, Baffa ne ya ɗauke ni. Ya rasu ranar Talata bayan azahar, cikin kakar nan, gero na tsaye a gonaki ba a gama yanka ba. Ya haura casa'in. 'Ya ɗaya ya bari, ƙanwata, wadda mijinta ya mutu tun da daɗewa ta dawo gida da marayunta.

Da aka shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar zaure, ni aka zaunar a gaba, wai ni ne babban ɗa. Kowa ya zo sai ya kama hannuna biyu ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" Ni kuma in sunkuyar da kai in ce da godiya. Rabin masu kama hannun nan suna wurin ranar da aka yi dariyar. Sun san na sani, na san sun sani, muka yi ta shafa fatiha.

Liman ya ce, "Bawan Allah ke nan da duniya ba ta shiga zuciyarsa ba."

Wani dattijo daga bayan masallaci ya karɓa, "Ai bai mallaki komai ba sai butarsa."

Aka yi ta cewa haka ne, haka ne, ana gyaɗa kai, kamar rashin nan wani rawani ne da ya naɗa wa kansa. Ba wanda ya ce da yana da gona. Ba wanda ya dubi gabas, inda katangar bulo ta kewaye wurin da itatuwan mangwaronsa suke a da.

Har mai katangar ya zo. Mota ya ajiye a bakin hanya, aka sauke buhun shinkafa. Ya durƙusa, ya yi addu'a doguwa mai larabci, sannan ya ce, "Kakana da marigayi ai abu ɗaya ne. Mu ma uba muka rasa." Duk wurin ba wanda ya kai ni ɗaga murya wajen cewa amin. Halina ke nan, in aka taru sai na yi fice.

Mutum ɗaya ne ya zo bai yabi talaucin Baffa ba. Mai shagon kayan babur ne, ɗan Ibo, wanda ya tsufa a garinmu har Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya cire takalmi, ya zauna a gefen tabarma. Can ya ce da ni, "Ka tuna lokacin da na tafi gida jinyar uwata? Wata biyu na ce masa. Shekara uku na yi." Akwatin ƙarfe ya bar wa Baffa ajiya. Da ya dawo ya tarar da shi a ɗakin Baffa, an ɗora shi a kan duwatsu huɗu saboda damshi, an rufa masa tsohuwar tabarma. Kwaɗon ya yi tsatsa har sai da aka kira maƙeri. "Bai taɓa tambayata me ke ciki ba," in ji shi. "Ko bayan na buɗe, juya baya ya yi." Ya share ido da bayan hannu, ya tashi ya sa takalminsa.

To, haka Baffa yake da abin hannunsa. Mu sauran mutane kalma ɗaya muke da ita, nawa. Shi yana da kamar goma, kuma ba ya yarda a haɗa wata da wata.

"Baffa, akuyar nan taka ce?"

"Riƙo ce. Ta matar maƙeri. Haihuwar fari tata, ta biyu ta mai kiwo."

"To ai ga ta biyun nan tana tsalle. Ita taka ce ke nan."

"Tana hannuna."

Rediyon da yake ji da hantsi, aro ne daga wani ɗan ɗakinsa da ya tafi ci-rani. Garma da hauya, gado ne, "na ubanmu ne, tarar da su na yi." Buhunan da ke kusurwar ɗaki, ajiya. Takardun gonar wasu marayu da ke cikin gafaka, amana, kuma amana daban take da ajiya, don ajiya mai ita yana nan zai dawo, amana kuwa mai ita ya tafi ya bar ka da Allah. Akwai wata wuƙa mai ƙotar ƙaho da ya tsinta a hanyar Daura. Juma'a uku yana sa a yi cigiya a masallaci. Ba a sami mai ita ba, ya rataye ta a ƙusa. Ta fi shekara ashirin a nan bai yanka ko albasa da ita ba. In ka tambaya sai ya ce, "Tsintuwa ce. Mai ita bai sani ba ne, da ya zo."

Ni kuwa abin nema ya samu. Na mai da shi abin wasana a kasuwa. Nakan ranƙwafa in kama ƙugu in shaƙe murya in ce, "Riƙo ne. Aro ne. Tana hannuna." 'Yan kasuwa su yi ta faɗuwa. A gabansa ma ba na fasawa. Wata rana muna cin tuwo na ce, "Baffa, hular kanka fa?"

"Kyauta ce. Mai bayarwa yana gani, ba a yi mata wulaƙanci."

"Haƙoran bakinka fa? Su dai naka ne."

Ya tauna lomarsa a hankali da gefen da ya rage, ya ce, "Kana gani ana karɓarsu ɗaya bayan ɗaya, kake tambaya?"

Na yi dariya har na ƙware. Shi ko murmushi bai yi ba, ya turo mini ƙwaryar ruwa. Wannan maganar ma na kai ta kasuwa, na ci da ita wajen shekara goma.

Kada a ɗauka bai san halina ba. Akwai ranar da na ɗura wa wata ramammiyar akuya dusa da ruwan kanwa har cikinta ya yi tsini, na sayar wa wani Bafillace a kan tana da ciki. Kafin la'asar cikin ya sauka a bayan rumfa. Mutumin ya dawo ya shaƙe mini wuyan riga, ya ja ni har gaban sarkin kasuwa, jama'a na biye. Lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu. Sarkin kasuwa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan shaƙiyyin na wane gida ne?" Ba wanda ya amsa, don ba wanda yake son a ce nasa ne. Sai ga Baffa ya ratso taron da kwandon gishiri a hannu. Ya ce, "Nawa ne. Ku sakar masa riga." Ya tsaya har na karɓi akuyar na mayar wa mutumin abinsa. Muka taho gida a ƙafa, shi a gaba, ni da akuyar a baya. A bakin zaure ya juyo ya ce, "Ka shiga ka ci abinci." Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Yanzu maganar gona.

Baffa yana da amini, sa'ansa, rana ɗaya aka yi musu kaciya, tare suka yi ta zuwa ci-rani da ƙuruciya. Aminin yana da wata gona gabas da gari, jigawa ce da ta gaji, ko ƙaiƙayi ba ta fitarwa. 'Ya'yansa duk sun koma Kano suna kasuwanci, ba mai waiwayarta. Baffa ya are ta. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san dokar gonar aro. Abu biyu ne. In kaka ta yi, ka ɗaure dami ɗaya ka kai wa mai gona, ba don yana bukata ba, don gari ya ga ba ka manta mai ita ba. Na biyu, ba ka dasa itace. Gero wata huɗu ne ya tashi, itace kuwa zama yake zuwa yi, wanda ya dasa yana cewa ne ƙasar tasa ce. Shekara biyar Baffa yana jigilar taki a mangala, jakinsa har ya san hanya shi kaɗai, sai da jigawar nan ta yi baƙi. Duk kaka dami ɗaya yana tafiya gidan amini. Ko ƙwallon goriba bai binne ba.

Sai aminin ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Wata rana bayan la'asar ya aika a kira Baffa, ya ce ya taho da ni. Muka tarar da tsohon liman da wanzamin gari a ɗakin. Aminin yana jingine da bango, matarsa na bakin ƙofa daga ciki. Ya ce, "Ku shaida. Gonar gabas na ba shi. Ba aro ba, ba riƙo ba, kyauta, halak malak. 'Ya'yana ba su san inda iyakarta take ba ma."

Baffa ya ce, "Ka bari ka warke tukuna."

Aminin ya ce, "Na san ka. In ban faɗa gaban mutane ba, za ka mutu kana cewa tana hannunka. Ka dasa itace bana. In ba ka dasa ba ban yafe ba." Sannan ya nuna ni da haɓa. "Kai mai surutu, ga abin da za ka yi da bakin nan. Waɗannan biyu tsofaffi ne. Kai za ka daɗe."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba, ko a kabari aka tashe ni zan faɗa." Har sai da marar lafiya ya yi dariya.

Daminar nan Baffa ya dasa mangwaro tara a jere ta gefen kudu. Da rani shi da ƙanwata suke ɗebo ruwa a tulu suna ba su. Suka kama, suka girma, har aka riƙa kiran wurin da sunan itatuwan.

Amma da kaka ta zo, sai ga Baffa ya ɗaure dami, mafi girma a gonar, ya ce in kai wa matar marigayi.

Na ce, "Baffa, ai an daina. Kyauta ce, ina wurin."

Ya ce, "Na sani. Wancan na aro ne, wannan na zumunci ne."

"Wa zai bambance? Dami dami ne."

"Ita ta sani, ni na sani. Mata ce da mijinta ya mutu, 'ya'yanta na nesa. Ta saba ganin gero ya shigo gidan nan duk kaka. Bana da ta rasa shi, sai ta rasa geron ma?"

Haka aka yi ta yi shekara talatin da wani abu, kuma ni ne mai kaiwa. Tsohuwar takan ce, "Ka gaya masa ya daina wahalar da kansa, gonarsa ce." In na dawo na faɗa masa sai ya ce, "To." Wata kakar kuma ya ɗaure. Tsohon liman ya rasu, wanzami ya rasu, daga baya ita ma tsohuwar ta bi su. Shaidar kyautar nan duk duniya ta dawo cikin bakin mutum ɗaya, kuma kun ji irin bakin.

Sai aka shimfiɗa kwalta ta bi ta gefen gonar. Ƙasar da ba mai kallo ta zama abin nuni da yatsa. Ni ne ma na fara zuwa. Na ce, "Baffa, ka yanka mini bakin hanya in kafa turken awaki, motocin kudu su riƙa lodi a nan."

Yana gyaran igiya, bai ɗago ba. Ya ce, "A'a."

"Ni ne fa."

"Na san kai ne. Kai kana da baki, duk kasuwar da ka shiga sai ka ci. Ƙanwarka me take da shi? Gonar nan ita zan bar wa, ita da marayunta, ba na so a fara yanka ta ina raye."

Na ce, "Da ma ai ba kai ka haife ni ba."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya daɗe a haka, sannan ya ci gaba da tufka. Ni kuwa na tashi na kaɗe riga. Wata biyu ban taka gidan ba. In ya aiko ƙanwata da fura sai in ce na ƙoshi. Mutum mai jikoki yana fushin fura, ku dai ku ji.

Ana cikin haka jikan aminin ya zo daga Kano, wannan mai buhun shinkafar. Ya kai ƙara wurin mai gari, ya ce gonar kakansa aro ce, sun zo karɓa. Hujjarsa ɗaya, duk gari ya san dami yana zuwa gidansu kowace kaka har kakarsa ta rasu.

Da hantsi aka zauna, ranar da ba kasuwa, shi ya sa wurin ya cika. Baffa ya zo da sandarsa ya zauna a ƙasa. Mai gari ya ce, "Malam, gonar nan taka ce?"

Kalma ɗaya ake nema. Na ga bakinsa ya motsa, ya kasa. Ya ce, "Ba ni aka yi, ranka ya daɗe. Ga itatuwa nan, mai aro ba ya dasawa."

Jikan ya ce, "Bayan kakana ya mutu aka dasa. Kakata mace ce a cikin gida, wa zai hana? In kyauta ce, damin na mene ne?"

Mai gari ya ce, "Akwai shaida?"

Baffa ya juyo ya dube ni. Rabona da haɗa ido da shi wata biyu.

Mai gari ya ce, "Kai ne mai kai damin?"

Na gyara zama. Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. A jaki na fara, na koma keke, na koma babur. Da tsohuwar ta ƙara shekara biyu da a jirgin sama zan kai."

Aka fashe da dariya. Ban iya kwatanta muku yadda dariyar taro take yi mini ba. Mashayi ya san abin da nake nufi. Kuma can ƙasan zuciyata akwai turken awakin nan da aka hana ni. Ban yi niyyar ya rasa gonar ba, Allah ya sani. So nake ya ɗan ji zafi, ya san ni ma ana bukatata.

Mai gari ya ce, "Damin na mene ne, aro ko me?"

Sai na ranƙwafa, na kama ƙugu, na shaƙe murya. "Riƙo ne. Aro ne. Tana hannuna." Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da haƙoran bakinsa ma ya ce karɓa ake yi, gona ce za ta zama tasa?"

Wannan karon har dogarin mai gari sai da ya dafa bango. Mai gari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Bar wasa. An ce kana ɗakin ranar da marigayi ya yi magana. Ka ji ya ce kyauta?"

Nan ne wurin. Ƙofa a buɗe take, ba wanda ya tare ni. Amma jama'a sun zuba mini ido, bakinsu a shirye, suna jiran dariya ta uku. Na ce, "Shekara talatin da ɗoriya, ranka ya daɗe? Ni da ko abin da na ci jiya sai matata ta tuna mini."

Suka sami ta ukun.

Mai gari ya juya ga Baffa ya ce to saura rantsuwa, in zai dafa Alƙur'ani a bar masa. Baffa ya girgiza kai. Ya ce, "Ban taɓa dafa shi a kan abin duniya ba. Ba zan fara a kan ƙasar da gobe za a zuba mini ba." Ya dogara sandarsa ya miƙe. Da zai wuce ta gabana na ɗauka zai tofa mini yawu. Sai ya ce, ƙasa-ƙasa, "Hularka ta faɗi." Wajen ranƙwafawar nan ta faɗi ban sani ba.

Kwana uku ina cewa gobe zan gyara. A na huɗu na sami mai gari shi kaɗai a zaurensa, na faɗa masa gaskiya tun daga jinginar aminin da bango har matar da ke bakin ƙofa. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Wanne zan ɗauka, na gaban jama'a ko na cikin zaure? In na tara mutane ka faɗi wannan, cewa za a yi tsohon ya yi maka alkawarin bakin hanya. Kai ka kashe shaidarka da kanka." Na ce a kai gaban alƙali a Daura. Baffa aka tambaya, ya ce shi ba zai tsaya shari'a da jinin amininsa ba.

Kafin damina aka sare mangwaron tara. Daga gidanmu ana jin injin. Ƙanwata ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Baffa yana zaure, ya ƙara muryar rediyon aron nan, abin da bai taɓa yi ba. Yanzu wurin gidan buga bulo ne. Ƙanwata, da furfurarta, sussuka take yi a gidajen mutane da kaka, da rani ta soya ƙuli-ƙuli.

Ban ba shi haƙuri ba. Na sha shirya maganar a hanya, in na shiga na gan shi sai wasa ya fito a maimakonta. Shi kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Abu ɗaya ya yi. Akwai 'yar gayauna a bayan gida, wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma ashirin ba, ita kaɗai ta rage. Kakar farko bayan shari'ar, na dawo daga kasuwa na tarar da dami a tsakar gidana. Matata ta ce Baffa ne ya sa aka kawo. Na je na ce, "Baffa, wannan fa?"

Ya ce, "Hannuna ya saba ɗaurewa. Gidan da nake aikawa babu kowa."

"Na aro ne ko na zumunci?"

Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Bakin ne. Ya dube ni da idanun nan da suka fara yin fari, ya ce, "Kai ka sani."

Shekara shida damin yana zuwa. Ban taɓa mayarwa ba. An daka, an yi fura, na sha. Bana ne kawai bai zo ba, don mai ɗaurewa ya kwanta kafin a yanka.

Ranar sadakar uku aka buɗe ɗakinsa. Sai muka ga kowane abu da zare a ɗaure, wani ja, wani baƙi, wani fari, ƙanwata kuma ta haddace na wane ne, don ya yi ta biya mata tun da ciwo ya kama shi. Aka yi ta aikawa ana kira. Jikar matar maƙeri ta zo ta ja awaki huɗu. Ɗan mai rediyo ya zo ya karɓi rediyon ubansa, yana juya shi yana mamakin har yanzu yana magana. Marayun nan masu takardun gona, da yanzu su ma iyaye ne, suka karɓi takardunsu a cikin gafaka, ko kusurwa ɗaya gara ba ta taɓa ba. Wuƙar tsintuwa liman ya ce a kai masallaci a yi ta yankan layya da ita, ladan ya je wa mai ita. Kafin azahar ɗakin ya zama fili. Abin da ya rage buta, carbi, riguna biyu, da hular nan ta kyauta. Masu ɗaukar kaya kowa na fita yana cewa, "Allah ya jiƙan mai amana." Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina ba su hanya.

Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasar da ya ƙi rantsuwa a kanta ta yi masa sauƙi. Ni ban da bakin da zan roƙa masa fiye da haka. Na rubuta wannan ne don in an tashi yabonsa a daina cewa bai mallaki komai ba. Ya mallaki gona, gabas da gari, da mangwaro tara. An ba shi ina tsaye. Ga shaidar, ta zo bayan an tashi daga zaman.

Da mutane suka watse na shiga ɗakin. Ƙanwata na ciki tana shara, ta ɗaure ƙugu da zane. Shekara bakwai gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Sai bakin ya yi abin da ya saba. Na ce, "To, kowa ya karɓi nasa. Ashe da gaske yake, ba abin da yake nasa."

Ba ta daina sharar ba. Ta tattara ƙurar a bakin ƙofa, kusa da ƙafata, sannan ta miƙe ta dafa bayanta.

Ta ce, "Yaya, ni ya haifa, amma ko ni cewa yake amanar uwata ce. Tun da na yi wayo, abu ɗaya na taɓa jin ya buɗe baki ya ce nawa ne. Kai ne. Ka ɗaga ƙafarka in kwashe."